Gruff Rhys da ƴancin harshe na yin wasa

Watanni kaɗan da suka shige, wani abokin karatuna ɗan Abalak ya miƙo mini wayarsa ya ce in saurari wata waƙa ta Imarhan, ƙungiyar makaɗan Abzinawa ta Tamanrasat a kudancin Aljeriya. Waƙar tana cikin faifansu na 2022 mai suna Aboogi, sunanta "Adar Newlan". Ana cikin tafiya da Tamajak sai wata murya mai sanyi ta shigo da wani harshe daban. Ya ce tunda ina taƙama da nazarin tsarin sauti, in faɗa masa wane harshe ne. Na canka sau uku ban dace ba. Ashe harshen Welsh ne, na ƙasar Wels da ke yammacin tsibirin Birtaniya, mai muryar kuwa Gruff Rhys. Kunyar da na sha ran nan ita ta sa na bi sawun mutumin, na kuma fito da wani ra'ayi da nake son in gabatar wa abokan karatu: hidimar da ya yi wa harshensu ta yi tasiri ne domin ya ƙi ya ɗauki harshen a matsayin majinyaci.

An haifi Rhys a ranar 18 ga Yuli 1970, ya kuma tashi a Bethesda, wani gari na masu fasa dutse a yankin Gwynedd na arewacin Wels, inda har yau kusan mutum biyu cikin uku ke jin Welshanci. Mahaifinsa, Ioan Bowen Rees, marubuci ne kuma babban jami'in mulkin yankin. Da Welshanci ya buɗe baki, Ingilishi daga baya ya zo. Wannan harshe na dangin Keltik yana da tarihin da ba zai yi wa ɗan Nijar baƙunta ba. A wasu makarantun Wels na ƙarni na 19 akwai wani guntun katako da ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen gidansu, yana wucewa daga wuya zuwa wuya, wanda ya kwana da shi a ƙarshen yini ya sha bulala. Duk wanda iyayensa suka ba shi labarin sambol na lakol ya gane abin. A 1962 marubuci Saunders Lewis ya yi wata lacca a rediyo yana gargaɗin cewa harshen na kan hanyar mutuwa, a shekarar kuma aka kafa ƙungiyar fafutuka ta Cymdeithas yr Iaith Gymraeg. Tashar talabijin ta Welshanci, S4C, ta fara aiki a 1982, lokacin Rhys yana ɗan shekara 12. Ya girma ke nan a zamanin da harshen ya samu masu kare shi da yawa, kuma inda masu karewa suka yi yawa, masu gadin ƙofa ba sa ƙaranci.

Irin kiɗan da ya shiga shi ne wanda ake kira "indie", wato kiɗan rok na jita da ganga wanda ƙananan kamfanoni masu cin gashin kansu ke bugawa, nesa da manyan ƴan kasuwar waƙa. Tun yana saurayi ya kafa ƙungiya mai suna Ffa Coffi Pawb. A rubuce, ma'anar sunan ita ce ƙwayoyin kofi na kowa da kowa. Idan aka furta shi da sauri kuwa, kunnen mai jin harsunan biyu zai ji wani ashar na Ingilishi da ba zan fassara a nan ba. Wannan ɗan raha na samari ya ƙunshi duk abin da zai yi daga baya: wasa ne da ba ya yiwuwa sai ga mai harshe biyu, kuma Welshanci ne ke riƙe da linzaminsa.

A 1993 ya haɗu da abokansa a Cardiff suka kafa Super Furry Animals. Ƙananan faya-fayensu na farko sun fito a kamfanin Ankst na Wels, kafin Alan McGee, mai kamfanin Creation wanda ya fito da Oasis, ya ɗauke su a 1995. Akwai wani labari da ake yawan maimaitawa game da wannan haɗuwa: wai bayan ya kalli wasansu a Landan, McGee ya ba su shawarar su riƙa yin waƙa da Ingilishi, alhali da Ingilishin suka yi waƙoƙin daren. Ko an ƙara wa labarin gishiri, ɗalibin walwalar harshe ya san abin da yake nunawa. Kunne yakan ji abin da ya riga ya sa rai zai ji, kuma lafazin mutumin gefe yakan zama baƙon harshe a wurin mutumin tsakiya.

Faifansu na farko a Creation, Fuzzy Logic, ya fito a 1996 da Ingilishi, kuma a gida aka samu masu ganin sun sayar da harshe don neman kasuwa. Ban raina wannan zargi ba. Al'ummar da ba ta kai mutum dubu 600 ba, idan haziƙanta suka koma wa harshen maƙwabci mai ƙarfi, tana da dalilin jin tsoro. Babban bikin adabi da waƙa na ƙasar, Eisteddfod, ya kafa dokar Welshanci zalla tun 1950 saboda irin wannan tsoro, kuma ina ganin dokar ta yi amfani a wurinta. Inda na rabu da masu zargin shi ne inda suka so dokar fili guda ta zama dokar rayuwar mawaƙi gaba ɗaya.

Amsar da ƙungiyar ta bayar ta zo a watan Mayu na 2000. Creation ya riga ya rufe, sai suka buga faifai da kansu a ƙaramin kamfaninsu, Placid Casual, suka sa masa suna Mwng, wato geza irin ta doki ko zaki. Daga farko har ƙarshe Welshanci ne. An ruwaito cewa ɗaukarsa ba ta ci fiye da fam 6,000 ba, kuɗin da bai taka kara ya karya ba a wannan sana'a. Ya hau matsayi na 11 a jerin faya-fayen da aka fi saye a Birtaniya, har wani ɗan majalisa na jam'iyyar Plaid Cymru, Elfyn Llwyd, ya gabatar da ƙudurin yabo a majalisar dokoki ta Landan. A lura da lissafin: masu jin harshen kaɗai ba za su iya kai faifai wannan matsayi ba. Dubban mutanen da ba su san kalma ɗaya ta Welshanci ba sun ciro kuɗi sun saya. Da bai bi ta Ingilishi ya tara masu saurare ba, da wa zai kawo su bakin wannan ƙofa?

A nan ne nake ganin ainihin maganar take. A darussanmu muna koyon cewa ƙarfin harshe ana auna shi da fagagen da ake amfani da shi: gida, kasuwa, makaranta, kotu, wurin ibada. Akwai wani fage da ba kasafai ake sa shi a jadawali ba, shi ne fagen shirme, inda ake barkwanci, ake soyayya, ake faɗin abin da bai da kai bai da gindi don daɗin sauti kawai. Harshen da ke cikin haɗari yakan fara rasa wannan fage tun kafin ya rasa sauran, domin masu ƙaunarsa sukan sa masa babbar riga. Kowace waƙa sai ta zama kirarin kakanni ko kukan mutuwar harshe, har yaro ɗan shekara 15 ya fahimci cewa harshen gidansu na ranar biki ne, na dariya da zance kuwa shi ne na waje. Rhys ya tuɓe wa Welshanci wannan riga. Ya yi waƙa da shi kamar yadda kowane mawaƙi ke yi da harshen da ya tashi a cikinsa, ba tare da neman izini ko neman a tausaya ba.

Sunayen faya-fayensa ma hujja ne. Na farkon da ya yi shi kaɗai, a 2005, sunansa Yr Atal Genhedlaeth. A Welshanci in-ina ita ce "atal dweud", hana haihuwa kuma "atal cenhedlu", tsara ko zuriya kuwa "cenhedlaeth". Sunan ya zauna a tsakanin ukun, yana nufin tsara mai in-ina yana kuma yi wa ɗaya ma'anar inkiya. Masu sha'awar ƙirar kalma su duba yadda baƙin farko ya sauya daga c zuwa g: wannan shi ne sauyin baƙin farkon kalma da harsunan Keltik suka shahara da shi, wanda ke sa "cath", kyanwa, ta koma "gath" ko "chath" ko "nghath" gwargwadon abin da ya gabace ta. Babu yadda za a fassara wannan suna ya tsira da ransa, kuma bai damu da a fassara ba. Shekara 20 bayan haka, a 2025, ya fitar da wani faifan Welshanci mai suna Dim Probs: "dim" kalmar korewa ce ta Welshanci, "probs" kuwa guntuwar kalmar Ingilishi ce ta ƴan titi, jimillar ma'anar ba matsala. Mai tsarkake harshe zai ɓata fuska. Ni kuwa ina ganin harshen da ke iya haɗiye kalmar maƙwabci ya sa ta cikin ginin jimlarsa yana da sauran haƙora.

To amma kada a ce na ɓoye abin da ke gaba da ra'ayina. Ƙidayar 2011 ta samu masu jin Welshanci kimanin 562,000, wato kashi 19 cikin ɗari na mutanen Wels masu shekara uku zuwa sama. Ta 2021 ta samu kimanin 538,300, kashi 17.8. Adadin ya sauka duk da faya-fayen, duk da talabijin, duk da dokar 1993 da ta 2011 wadda ta ba harshen matsayin hukuma, duk kuma da burin gwamnatin Wels na kai wa mutum miliyan ɗaya nan da 2050. Joshua Fishman ya riga ya faɗa a littafinsa na 1991 kan farfaɗo da harsuna cewa matakin da komai ya rataya a kansa shi ne miƙa harshe daga iyaye zuwa ƴaƴa a cikin gida da unguwa. Waƙa ba ta rage kuɗin gida a ƙauyukan Gwynedd, ba ta hana samari tafiya Ingila neman aiki. Shi kansa Rhys mafi yawan faya-fayensa da Ingilishi ne, kuma Rings Around the World na 2001, wanda ya shiga takarar kyautar Mercury, babban kamfani ne ya buga shi. Na yarda da duk wannan. Iƙirarina ƙarami ne: mawaƙi ba ya ƙara yawan masu magana, amma yana sauya abin da mai magana ke ji game da bakinsa, kuma uwar da ba ta jin kunyar harshenta ita ce za ta yi wa jaririnta magana da shi. Ƙidaya ba ta da gurbin wannan tambaya.

Ba kuma ina kwatanta Welshanci da Hausa ba ne. Hausa tana da miliyoyin baki, da fim, da waƙa, da ashar iri-iri, ita ce ma ke cinye ƙanana. Idan akwai masu kama da mutanen Bethesda a ƙasarmu, sai dai a nemo su cikin masu Tasawak na Ingal ko Buduma na bakin tafkin Cadi, mu kuwa mu ne masu kunnen McGee.

Aikinsa da ya fi taɓa ni shi ne American Interior na 2014, wanda ya fito a matsayin faifai da littafi da fim. Labarin John Evans ne, wani saurayi ɗan ƙauyen Waunfawr wanda Rhys ke ɗauka a matsayin ɗan'uwansa na nesa. A 1792 Evans ya tashi zuwa Amurka don neman wata ƙabila ta ƴan asalin nahiyar da almara ta ce suna jin Welshanci, wai jikokin wani yarima Madog ne da ya ƙetare teku a ƙarni na 12. Ya hau kogin Misuri a ƙarƙashin tutar Sipaniya, ya isa wurin mutanen Mandan a 1796, ya zauna da su, ya kuma dawo da gaskiya mai ɗaci cewa babu irin waɗannan mutane. Ya rasu a New Orleans a 1799 bai cika shekara 30 ba. Taswirar da ya zana ta kogin ta taimaka wa ayarin Lewis da Clark ƴan shekaru bayansa.

Rhys ya bi wannan hanya yana wasa a ƙananan zaure, ɗauke da ƴar tsana ta ƙyalle mai wakiltar Evans, yana ba da labarin da raha irin tasa. Ga mai nazarin harshe, tafiyar Evans gargaɗi ce kan wanda ya fita neman harshensa a bakin wasu har ya kusa kasa jin nasu. Rhys bai maimaita wannan kuskure ba. Da ya isa Dakota ta Arewa ya nemi Edwin Benson, dattijon da aka sani a matsayin mutum na ƙarshe da ya tashi da harshen Mandan a bakinsa, ya zauna gabansa yana saurare. A fim ɗin ana ganinsu su biyu, ɗaya daga harshe mai mutum rabin miliyan da ake ce wa yana cikin haɗari, ɗaya kuma ba shi da sauran wanda zai yi wa barkwanci ya gane ba tare da bayani ba. Benson ya rasu a watan Disamba na 2016, shekara biyu bayan fitowar fim ɗin.