Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa kwanan jinya a babban asibiti ya san wannan magana: "Ku je ku nemo jini leda biyu." Da tsakar dare ake faɗinta, mace ta haihu, jini ya ɓalle. Miji ya fita a guje ya taso ƙanensa, a gwada, a ce bai isa ya bayar ba. Kafin ya waiwaya sai ga dillali a bakin ƙofa da wani saurayi a ajiye, in an shirya kan farashi. To, mu da ake kira masu ilmi, har yaushe za mu riƙa ɗaukar wannan abu a kan ƙaddara?

Ai maganin ba ɓoyayye ba ne. Tun 1901 Karl Landsteiner, mutumin Austriya, ya gano rukunonin jini. A 1921 Percy Oliver na ƙungiyar Red Cross a Landan ya fara rubuta sunayen mutanen da suka yarda a kira su su ba da jini kyauta ga wanda ba su sani ba. A 1937 aka buɗe ma'ajiyar jini a wani asibiti a Shikago, ta yadda jini ne zai jira majinyaci. A 1975 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya nemi ƙasashe su dogara da masu bayarwa don raɗin kansu, ba don kuɗi ba. Mu a Nijeriya sai a 2004 aka kafa sashen ƙasa mai kula da ƙarin jini, aka yi masa cibiyoyi, har da na Kaduna da Jos da Maiduguri. Dokar lafiya ta 2014 ta haramta cinikin jini, a 2021 kuma aka mai da sashen hukuma mai doka tata. Gini ya samu, doka ta samu. Masu miƙa hannu ne suka yi ƙaranci.

Me ake yi a irin wannan cibiya? Za a auna nauyinka da hawan jininka, a duba ko jinin ya wadace ka. In ka kai shekara 18 da kilo 50, kana kuma da lafiya, a ɗebi kimanin mililita 450 daga cikin wajen lita 5 da ke jikinka, cikin minti goma. Sa'an nan a gwada shi saboda ƙanjamau da ciwon hanta iri biyu da tunjere, a tantance rukuninsa, a sa a firji, inda zai iya yin mako biyar yana jiran mai rabo: mai haihuwa, ko yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini, ko mai amosanin jini, ko wanda mota ta faɗi da shi a garin da ba shi da kowa.

Mun san hujjojin da muke fakewa da su. Wani ya ce jinin mutum ƙarewa yake yi, ƙarfinsa ya tafi. Wannan ba gaskiya ba ne: ruwan yakan dawo cikin kwana biyu, ƙwayoyin kuma cikin 'yan makonni, har namiji na iya sake bayarwa bayan wata uku. Wani ya ce, "Mu bayar kyauta, su sayar?" Wannan tambaya tana da nauyi. Leda da kayan gwaji kuɗi ne, amma haƙƙinmu ne a gaya mana nawa ne, a liƙa a bango kowa ya gani. Sai dai wanda ya noƙe hannunsa, dillali ya taimaka wa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai sayar da jininsa kuwa yunwa ce ta kawo shi, ba zai faɗi ciwonsa ba, ga shi akwai cutar da gwaji ba ya kamawa a kwanakinta na farko.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin ɗari in ya bayar, zai toshe buƙatar ƙasa ta yau da kullum. Ashe dubban matasan da ke cika ɗakunan karatunmu ba su isa su fitar da lardi guda kunya ba? Muna iya cika fili saboda zaɓen ƙungiya ko wasan ƙwallo, amma gadon cibiya na nan babu kowa a kai.

Saboda haka muna kira ga shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai da su gayyato ma'aikatan cibiyar da ta fi kusa da mu sau ɗaya kowane zangon karatu, su buɗe littafin sunayen masu bayarwa da rukunin jinin kowa, su kuma nemi a riƙa ba mu bayanin inda ledojin suka tafi. Ranar 14 ga Yuni ce ranar masu ba da jini ta duniya. Kada ta zo ta same mu muna jawabi kawai. Shugaban ƙungiya ya fara naɗe hannun riga, mu kuma mu bi sahu. Allah Ya ba mu ikon yi, amin.