Kowace Ƙaramar Hukuma Ta Keɓe Dajinta Tun Ƙasa Tana Da Araha

Idan aka ce mu lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, abin da zai fara faɗo mana a rai shi ne kasuwa da tashar mota da kwasar shara da rajistar haihuwa. Da wuya a ji wani ya ambaci wurin shan iska. Alhali kuwa tsarin mulkin ƙasar nan na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya jera wuraren shaƙatawa da lambuna da filayen jama'a tare da tituna da magudanan ruwa a cikin abubuwan da ƙaramar hukuma za ta samar, ta kuma kula da su. Muna da ƙananan hukumomi 774. Ina so mai karatu ya tambayi kansa, a cikin tasa akwai wani yanki na daji da aka keɓe, inda talaka zai shiga da iyalinsa ranar hutu, ya taka da ƙafa, ya zauna a inuwa, ba tare da an tambaye shi ko sisi ba?

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, ya kamata kowace ƙaramar hukuma ta keɓe wani yanki na daji a gefen gari tun yanzu, ta fitar da turbobin ƙafa a cikinsa, ta buɗe shi ga kowa. Na ce tun yanzu ne domin ƙasa ba ta jiran kowa. Da sanyin safiya ake kama fara.

Domin kada a ɗauki maganar a matsayin mafarki, bari mu duba inda aka jarraba abin fiye da shekara ɗari da suka wuce. A Amurka akwai yankin mulki da ke ƙarƙashin jiha, wanda za mu iya kira gunduma, kwatankwacin ƙaramar hukuma a wurinmu. Gundumar Essex ta jihar New Jersey ce ta fara kafa hukumar wuraren shaƙatawa ta kanta a 1895. Amma misalin da ya fi jan hankalina shi ne na gundumar Cook ta jihar Illinois, wadda birnin Shikago yake cikinta.

A 1870 mutanen Shikago ba su wuce dubu 300 ba. Kafin 1900 sun kai wajen miliyan 1 da dubu 700. Gari yana cin daji kamar wutar kaka, masana'antu da layukan dogo da gidaje suna ta miƙewa ta kowace fuska. Sai wasu mutane, cikinsu har da Dwight Perkins, mai zanen gine-gine, da Jens Jensen, mai tsara lambuna, suka zaga wajen gari suka duba kurame da bakin koguna da fadamun da suka rage. A 1904 suka fitar da rahoto suna ba da shawarar a saye waɗannan wurare a bar su yadda suke, su zama kamar ɗamara a kewayen birnin. Abin bai zo da sauƙi ba. Dokokin da aka yi a 1905 da 1909 duk sun ci karo da matsalar shari'a. Sai a 1913 majalisar jihar ta yi dokar da ta tsaya, a 1914 jama'ar gundumar suka jefa ƙuri'ar amincewa, a 1916 kuma aka sayi yanki na farko, eka 500 a wani wuri da ake kira Deer Grove.

Yau gandayen dajin gundumar Cook sun kai kimanin eka dubu 70, wato wajen hekta dubu 28, kusan kashi 11 cikin 100 na ƙasar gundumar baki ɗaya. Turbobin da ke cikinsu, na masu tafiya a ƙafa da masu keke da masu doki, sun haura kilomita 450, wanda ya fi nisan Legas zuwa Badun sau uku. Shiga dajin kyauta ne. Kuɗin kula da shi yana fitowa ne daga wani kaso na harajin gidaje da filaye da aka ware masa shi kaɗai. A watan Nuwamba na 2022 aka tambayi mutanen gundumar ko sun yarda a ƙara musu wannan haraji, sai fiye da kashi biyu cikin uku na masu ƙuri'a suka ce sun yarda. A ganina dalilin a fili yake. Mutum ba ya ƙyashin biyan kuɗin abin da yake mora da ƙafarsa, yake kai 'ya'yansa, yake ganin inda kuɗin ya shiga.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne lokaci. Da mutanen Shikago sun ce a bari sai an gama da talauci da cunkoso tukuna, da babu abin da za su tarar sai bulo da kwalta, kuma babu baitulmalin da zai iya sayen eka dubu 70 a gefen birnin da farashin yau.

To, mu dawo gida. Ba za a ce ba mu da gandun daji ba. Akwai Gashaka Gumti a jihohin Taraba da Adamawa, akwai Okomu a jihar Edo, akwai na Tsohuwar Oyo da na Kuros Riba. Sai dai ga ɗan makaranta ko mai sayar da kayan miya, waɗannan wurare inuwar giginya ne, na nesa ka sha. Zuwa can yana buƙatar kuɗin mota da na masauki da kwanaki, ga kuma fargabar hanya. Na kusa da mu kuwa 'yan kaɗan ne. Gandun Lekki da ke Legas, wanda Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya ta kafa a 1990, hekta 78 ne kacal. Lokacin da aka keɓe shi yankin duk daji ne da fadama. Yanzu gidaje da manyan kantuna sun yi masa zobe, shi kaɗai ya rage kore, da biransa da gadarsa ta saman itatuwa mai tsawon mita 401. Kurmin Osun da ke Osogbo, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2005, al'adar mutanen garin ce ta tsare shi. Kurmin da ke cikin harabar cibiyar binciken aikin gona ta IITA a Badun kuwa shingen cibiyar ne ya cece shi. Wato duk inda muka ga ragowar daji a cikin gari, wani ne ya shata masa iyaka tun da wuri. Amma gidauniya ce ko al'ada ko wata cibiya. Hukumar da tsarin mulki ya ɗora wa aikin ba a ga ƙeyarta ba.

Wani zai ce ai ƙaramar hukuma ba ta da iko da ƙasa. Gaskiya ne dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma shi ne mai iko da filayen cikin birni. Amma dokar nan ta bar kula da ƙasar da ba a ayyana ta birni ba a hannun ƙaramar hukuma, ta kuma ba ta damar amfani da ita don amfanin jama'a. Ƙasar gefen gari, wadda birni zai haɗiye nan da shekara goma ko ashirin, da yawanta tana cikin wannan rukuni, kuma ita ce nake magana a kai. Game da kuɗi kuwa, a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Aiwatar da hukuncin ya yi tafiyar hawainiya, amma ya ba mu hujjar tambayar shugabannin ƙananan hukumomi abin da za su bar wa na baya.

Wani kuma zai ce ana fama da yunwa, wa ke ta shan iska? Wannan magana tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Sai dai daji a bakin rafi yana tsare rai da dukiya. Mutanen Badun ba su manta da ambaliyar kogin Ogunpa ta 1980 ba, wadda ta lalata har da lambun Agodi, haka kuma ambaliyar watan Agusta na 2011 da ta ci rayuka fiye da ɗari. Idan aka bar gaɓar rafi da itatuwanta, ƙasa tana shanye ruwa tana rage masa gudu. Idan aka cike ta da gine-gine, ruwa zai bi ta ɗakunan mutane, kuma ɗakin talaka zai fara shiga. Saboda haka wurin da ya fi dacewa a fara keɓewa shi ne wanda dama bai kamata a yi gini a kansa ba, wato gaɓar rafi da fadama da gangaren dutse. Ba na goyon bayan a kori manomi daga gonarsa ta gado da sunan shaƙatawa. Inda ya zama dole a karɓi ƙasar wani, a biya shi diyya cikakkiya, a kuma bar mata su ci gaba da tsintar ɗorawa da kaɗanya bisa ƙa'ida.

Akwai kuma masu tsoron kada dajin ya zama maɓoyar ɓarayi da masu satar mutane. A halin da ƙasar nan ta samu kanta, tsoron yana kan hanya. Amma dajin da ɓarawo yake so shi ne wanda aka yi watsi da shi. Hekta 20 ko 50 a gefen gari, da ƙofa sananniya da masu gadi 'yan unguwa da turba shararriya, ga masu motsa jiki da safe ga 'yan makaranta da rana, ba wurin ɓuya ba ne. Na san gundumar Cook ta fi wasu jihohinmu dukiya, mutanenta ma sun haura miliyan 5, don haka ba girman nasu nake cewa mu kwaikwaya ba. Su ma da eka 500 suka fara.

Mu ɗaliban harshe muna da namu rabo a cikin wannan magana. Ni dai ban sha Hausa a nono ba, a aji na koye ta, kuma sunayen itatuwa da yawa a takarda na fara haɗuwa da su. Tun a 1916 wani likita mai suna Dalziel ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa, ƙamusun Bargery na 1934 ma cike yake da su. Amma kalma a takarda daban, itace a tsaye daban. Wanda bai taɓa tsayawa a gindin giginya ya ga yadda inuwarta take faɗawa can nesa ba, haddar karin maganar kawai ya yi. Ranar da na gane cewa rimi shi ne itacen da muke kira araba da Yarabanci, kuka ita ce ose, daddawa kuma ita ce irun da ake sa mana a miya tun muna yara, sai kalmomin suka zauna mini daram. Gani ya kori ji. Yaran da ke tashi a manyan biranenmu yanzu, Bahaushe ne ko Bayarabe ko Ibo, da yawansu ba za su iya bambanta marke da maɗaci ba, ko da wane harshe aka tambaye su. Idan itace ya ɓace daga idon mutane, sunansa zai bi shi, sannan karin magana da kacici-kacici da maganin gargajiyar da ke rataye da sunan su bi baya.

Don haka akwai aikin da za mu iya farawa ba tare da jiran kowa ba. Jami'o'inmu da yawa suna da lambun tsirrai ko ragowar daji a cikin haraba. Ƙungiyar ɗaliban Hausa za ta iya haɗa kai da takwarorinta na Yarabanci da Ibo da kuma ɗaliban sashen nazarin tsirrai, mu zaɓi turba ɗaya, mu liƙa wa kowane itace allo mai ɗauke da sunansa a harsunan nan uku da sunansa na kimiyya. Mu nemi dattawan Sabo da masu sayar da maganin gargajiya su tantance mana sunayen, domin sun fi mu sani. Aiki ne da bai fi ƙarfin aljihun ƙungiya ba, kuma zai ba mu abin nunawa idan muka je gaban hukuma.

Daga ƙarshe, ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da kansilolinsu da su fita su zaga gefen garuruwansu, su ga abin da ya rage, su shata masa iyaka, su sa shi a doka yadda wanda zai gaje su ba zai yanka shi fuloti-fuloti ba. Ina kira ga majalisun jihohi su mara musu baya da doka da ma'aikata. Mu kuma idan muka koma gida hutu, ko lokacin zaɓe ya zo 'yan takara suka shigo unguwa, mu ƙara tambaya ɗaya a kan ta ruwa da ta hanya, mu ce, ranka ya daɗe, ina dajin da za ka keɓe mana?