Taurarinmu ba su da baki sai namu



Mu faɗa wa kanmu gaskiya: a yawancin labaranmu, Hajiya da 'yar aikinta da direbanta duk bakinsu ɗaya, bakin marubuci. Kowa jawabi yake yi, ba mai sauraron wani. Amma da muka kawo shawarar a ware awa ɗaya a taronmu na wata don wasan ƙirƙirar labari a kan tebur, sai wasu suka ce wasan yara ne, marubuci da alƙalami aka san shi. To, ba mu yarda ba.

A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka. Mutum huɗu ko biyar ke zama, kowa ya ɗauki tauraro ɗaya yana magana da yawunsa, jagora kuma ya bayyana duniyar da suke ciki. In tauraro ya tunkari haɗari, sai a jefa ƙwayar lido mai fuska 20 a ga ko zai tsira. A Chicago kuma, daga wasannin Viola Spolin aka gina darasin barkwanci na nan take, babu rubutu babu hadda. Babbar dokarsa: abin da abokin wasanka ya kawo, karɓa ka ɗora, kada ka rushe. Shirin Dimension 20, wanda aka fara a 2018, ya zaunar da 'yan barkwancin a teburin wancan wasa, ya haɗa biyun.

Me za mu samu? A ce mun tsara Ladi za ta amince da auren, sai wadda ta ɗauki Ladi ta ce atafau ba ta yi. Ba damar gogewa. Dole mu nemo abin da baffanta zai faɗa yanzu-yanzu, da irin bakinsa. Ƙwayar kuma ba ta san son kai ba: ba za ta bari mu kashe kishiya da haɗarin mota don labari ya cije mana ba.

An ce baƙon abu ne. Yaushe 'yan tashe da 'yan kama suka taɓa riƙe takarda? An ce caca ce. Ko sisi ba a sawa, kuma in ƙwayar ce matsala, a rubuta 1 zuwa 20 a takardu, a nannaɗe a zuba a hula. Inda muka ba su gaskiya ɗaya ne: wasa ba ya zama littafi, sai mun koma mun sha wahalar rubutu. Amma za mu koma da muryoyi biyar a kunne.

Awa nawa muke ƙonawa a gabatar da manyan baƙi? A ba mu ɗaya daga ciki, mu gwada sau uku. In zantukan taurarinmu ba su canza ba, mu da kanmu za mu naɗe tabarma.