Adireshin kwamfuta aro ne, ya kamata masu shagunan Zango su koyi nemo shi

Duk wanda ke da shagon buga takardu a unguwar Zango ko kusa da Kasuwar Dole a Damagaram ya san wannan matsala. NIGELEC ta ɗauke wuta, ta dawo da ita, sai kwamfuta ta daina ganin firinta, kyamarar tsaro ma ta ɓace daga wayar mai shago. Ba abin da ya lalace. Na'urar rarraba intanet ce ta sake kunnuwa, ta raba wa kowace na'ura sabon adireshi na IP, domin dama aro take bayarwa. Amma sai a kira mai gyara a biya shi, gobe a sake.

Layi ɗaya ya isa a gano lambar: ipconfig a Windows, hostname -I a Linux. Ɗan gajeren rubutun umarni da Python kuma zai iya nemo adireshin duk lokacin da aka kunna kwamfuta, ya aika wa mai shago. A nan masu koyo ke yin tuntuɓe. Idan rubutun ya nemi adireshin ta sunan kwamfutar, sau da yawa 127.0.1.1 yake samu a Ubuntu, lambar da ba ta fita daga cikin na'urar. Hanyar da ta fi aminci ita ce rubutun ya shirya hanyar UDP zuwa wani adireshi na waje, kamar 8.8.8.8, sannan ya duba ta wace lamba zai fita. Ko saƙo ɗaya ba ya aikawa.

'Yan uwan da ke Faransa ko Libiya, masu son leƙa shagonsu ta kyamara, su ne aka fi ci wa kuɗi. Lamba mai farawa da 192.168 ta cikin gida ce, daga Marseille ba za a kai gare ta ba. Adiresoshin IPv4 kusan biliyan 4.3 ne kawai a duniya, hukumar AFRINIC da ke Mauritius ma ta shiga matakin ƙarshe na rabon nata, shi ya sa kamfanonin waya da Starlink ke ɗora masu amfani da yawa kan lamba ɗaya. Kafin a turo kuɗin sayen sabuwar na'ura, a tambayi mai gyara wace lamba ya gani.

Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar André Salifou za su iya koya wa masu shagunan nan wannan aiki cikin yini ɗaya, idan aka shirya musu wurin zama da kwamfutoci kaɗan.