LIKITAN DA YA JUYA WA AIKINSA BAYA

Ran 29 ga watan Disamba, 2020, Dokta Edward Mason ya rasu a ƙasar Amurka yana da shekara 100 a duniya. Shi ne likitocin fiɗa suke kira uban aikin rage ƙiba. A wajen da ake ɗaukar teɓa alamar samu da kwanciyar hankali, mai karatu zai yi mamakin a ce an kwantar da mutum an tsaga cikinsa don kawai ya rame. To, amma masu zuwa wurinsa ba masu ɗan jiki ba ne, mutane ne waɗanda nauyi ya hana su tafiya, ya hana su numfashi cikin barci, ga ciwon sukari da hawan jini.

Mason ya koyi fiɗa a Jami'ar Minisota, ya kama aiki a Jami'ar Ayowa cikin 1953. A zamanin nan maganin gyambon ciki mai tsanani shi ne a yanke wani sashi na tumbi a yar. Sai ya lura da wani abin da sauran likitoci suke ɗauka aibu ne kawai, watau waɗanda aka yi wa wannan aiki suna ramewa, kuma da ƙyar suke mayar da jiki. Akwai wata hanya da aka fara cikin shekarun 1950, ta kauce wa mafi yawan ƙaramin hanji, amma ta jawo wa mutane zawo marar yankewa da tsakuwar ƙoda, wasu kuma hanta ta lalace har suka rasa rai.

Cikin 1966, shi da abokin aikinsa Dokta Chikashi Ito suka gwada tasu dabara. Maimakon a cire tumbi, sai a raba shi biyu, a bar 'yar jaka a sama a haɗa ta da hanji, abinci ya riƙa wucewa ba tare da ya shiga babban sashin ba. Daga baya aka yi ta ƙanƙanta jakar nan har ba ta wuce ƙwan kaza ba. Mutane suka rame, sunan Mason ya bazu.

Nan ne fa halinsa ya bayyana. Da yake yana bin majinyatansa shekara da shekaru, ya ga yadda wasu suke fama da ƙarancin jini da na bitamin, domin abinci ba ya bi ta inda jiki yake tsotse su. Wanda ya ƙaga abu da wuya ya ga laifinsa, amma shi sai ya bar aikin da ya ɗaukaka shi, ya fito da wani cikin 1980, inda ake ɗinke tumbi a tsaye a ɗaure bakin jakar da zobe, hanji kuwa ba a taɓa shi. Shekaru da dama wannan ne aka fi yi a Amurka. Sai dai bai ɗore ba: ɗinkin yakan ɓalle, wasu su yi ta amai, wasu kuma su koma ga kayan zaƙi masu ruwa-ruwa waɗanda zoben ba ya tare su, ƙiba ta dawo. Yau kusan an bar shi, alhali aikin 1966, bayan gyare-gyare, yana nan ana yinsa ta 'yan ƙananan huji a ciki.

Me ya sa aka gane wanda ya fi? Saboda an rubuta sakamako, kuma Mason yana cikin waɗanda suka nace a kan haka. Ya jagoranci kafa ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka cikin 1983, ya zama shugabanta na farko, sa'an nan cikin 1986 ya buɗe rajista inda likitoci suke aiko da bayanin majinyatansu, wanda ya warke da wanda ya sha wuya.

Cikin 1999, yana dab da shekara 80, ya rubuta cewa wani sinadarin hanji mai suna GLP-1 yana iya zama dalilin da ya sa fiɗa take sauƙaƙa ƙiba da ciwon sukari. Allurar Wegovy, wadda take kwaikwayon wannan sinadari, ta sami izinin hukumar magunguna ta Amurka cikin watan Yuni, 2021, wata biyar da 'yan kwanaki bayan rasuwarsa.