Labarin Dainoso Ya Kamata Ya Fara Daga Gida

Ɗalibi a 'Yankwashi ko Gwiwa, idan ya ga dainoso a talabijin, yakan ɗauka dodon tatsuniyar Turawa ne, domin galibin shirye-shiryen daga ƙasashen waje suke zuwa. Lokaci ya yi da gidajen talabijin na Jigawa da Kano za su tsara nasu da Hausa.

Kashi na farko ya tsaya a duwatsun Kazaure, waɗanda suka haura shekara miliyan 500, tun kafin zuwan dainoso. Na biyu ya nufi yankin Goronyo ta Jihar Sakkwato, inda teku ya taɓa kwanciya, aka kuma tono ƙasusuwan Goronyosaurus, ƙaton dangin ƙadangare mai zama cikin ruwa. Na uku ya haura Gadufawa cikin hamadar Nijar, ya nuna Nigersaurus mai haƙora sama da 500, wanda aka raɗa wa suna a 1999. Na ƙarshe ya dawo tsakar gida, ya bayyana cewa kaza da zabo tsatson dainoso ne da ya tsira daga halakar da ta auku shekara miliyan 66 da suka shige.

Sharaɗi guda ne: a nuna ƙashin da aka tono kafin zanen kwamfuta, domin ɗalibi ya bambance hujja da hasashe.