Nasiha A Kan Ƙyauren Ɗaka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, tun da aka yi jihar Kabi a 1991, daga baya kuma aka kafa filin jirgin sama a Ambursa, gine-gine suka yawaita a kan hanyar Birnin Kabi zuwa Argungu. Asabari da tufaniya sun ja baya, ƙyauren katako, wanda Kabawa ke ce wa gambu, ya shiga har turaka. Wannan abin yabo ne, gama aya ta 58 ta Suratun Nur ta ambaci lokatai uku da ake neman izini kafin shiga ɗaki: gabanin asuba, da tsakar rana, da bayan lisha. Ƙyaure kuwa mataimakin wannan ladabi ne.

Sai dai akwai abin lura. Cikin katakon da fatake ke kawowa akwai wani fari marar nauyi, Turawa na kiransa fayin. Yana da daɗin sassaƙa da kyaun gani, amma yana da taushi, gara kuwa ba ta jin kunyarsa. Magabata ba su zaɓi azarar giginya da ƙirya da maɗaci da ka ba. Sun san ƙasar fadama, sun san abin da ke zaune ƙarƙashinta.

Wanda ya zaɓi fayin, wajibinsa abu huɗu ne. Na fari, ya nemi busasshe, domin ɗanye yakan kantare ya tsage idan hunturu ya busa. Na biyu, ya guji mai yawan ido, gama ƙaro na tsattsafowa daga nan ya ɓata fenti. Na uku, a shayar da shi maganin gara, sa'an nan a shafe shi da fenti ko'ina, har gindin da ido ba ya gani, don ta nan laima ke shiga. Na huɗu, kafinta ya bar tazarar yatsa tsakaninsa da ƙasa, ya bar 'yar kafa a gefe, saboda katakon da aka kafa da rani yakan kumbura da damina, sakata ta ƙi shiga.

Sauran magana ga 'yan kasuwa take. Wanda ya rina fayin da launin maɗaci ya sayar da sunan maɗaci, ko ya cike tsaga ya rufe da fenti ya yi shiru, ya yi algus. Risalar Ibn Abi Zaid ta haramta ɓoye aibin haja, ta kuma ba mai saye ikon mayarwa. Riba ta wuce, zunubi ya zauna, maigida kuma ya wayi gari ɗakin iyalinsa ba sutura.

Mai saye shi ma ya tuna, araha ba ta ado. Ya tambayi sunan iccen tun kafin a yi ciniki.

Allah Ya suturta mu duniya da lahira, amin. Wassalam.